Madubi da Ma'auninsa: Tarihin Manyan Na'urorin Hangen Nesa Daga Doron Ƙasa Zuwa Sararin Samaniya

1.0 Gabatarwa

A ranar 27 ga watan Yuni na shekarar 1990, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, ta tara manema labarai ta shaida musu cewa na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda aka harba wata biyu kafin wannan rana, ba ta gani sosai. A lokacin an riga an kashe mata kimanin dala biliyan ɗaya da rabi, masana kuwa sun shafe shekaru suna jiran ta. Da aka bincika sai aka tarar cewa babban madubinta yana daga cikin madubai mafiya santsi da hannun ɗan Adam ya taɓa gogewa, sai dai an goge shi ne a kan siffar da ba ita ba. Kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashin kai ba, amma ya isa ya dusashe duk hoton da na'urar ta ɗauko.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda manyan madubai suka bunƙasa, tun daga ƙarni na 17 har zuwa na'urar James Webb da aka harba a 2021. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, a kowane zamani girman madubi yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da ingancin awonsa. Duk lokacin da aka sami sabuwar hanyar auna madubi da gyara shi, sai girma ya ƙaru. Duk lokacin da aka dogara ga ma'auni ɗaya tak, sai a yi asara.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Tun da yake fannin baƙo ne a rubuce-rubucen Hausa, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Na'urar hangen nesa iri biyu ce. Akwai mai gilashin tabarau, wadda haske ke ratsa gilashin ya lanƙwasa ya taru a wuri ɗaya. Akwai kuma mai madubi, wadda haske ke faɗawa kan madubi mai zurfi kamar tasa, ya dawo ya taru. Wurin da hasken ke taruwa shi za a kira matattara. Idan hasken da ya faɗa a gefen madubi da wanda ya faɗa a tsakiyarsa suka kasa haɗuwa a wuri ɗaya, wannan aibi shi za a kira saɓanin matattara.

Kalmar zango kuwa an aro ta ne daga masu sauraren rediyo, waɗanda suka saba da gajeren zango da matsakaicin zango. Shi ma haske yana da zango. Wanda ido ke gani tsawon zangonsa kimanin rabin maikuron ne, maikuron kuma shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Hasken da zangonsa ya ɗara na launin ja tsawo, wanda jiki ke ji a matsayin ɗumi, za a kira shi haske mai dogon zango. Wanda ya gaza na launin shuɗi mai duhu kuma haske mai gajeren zango.

Dalilin neman babban madubi biyu ne. Na farko, yadda daro ke tara ruwan sama fiye da kofi, haka babban madubi ke tara haske; idan aka ninka faɗinsa sau biyu, hasken da yake tarawa zai ninku sau huɗu. Na biyu, faɗin madubi shi ke ba da damar rarrabe abubuwa biyu da suke dab da juna. Sai dai kuma akwai sharaɗi, wato dole fuskar madubin ta dace da siffar da lissafi ya tanada, kuskurenta kada ya wuce ɗan ƙaramin kaso na zangon hasken da ake kallo.

3.0 Madubai a Doron Ƙasa

Nazarin haske ya girmi na'urar hangen nesa da ƙarnoni. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi rubutu a kan gani da kuma madubai masu tara hasken rana. Ita kuwa na'urar ta ɓulla ne a ƙasar Holan a 1608, lokacin da wani mai sana'ar tabarau, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta amince masa da haƙƙin ƙirƙira. A 1609 Galileo ya haɗa tasa a Italiya, a farkon 1610 kuma ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari.

Gilashin tabarau yana da aibi na asali, domin yana rarraba haske zuwa launuka kamar bakan gizo, kowane launi da matattararsa. Wannan ya sa Isaac Newton ya haɗa na'ura mai madubi a Ingila a 1668, da yake madubi ba ya rarraba launi. Madubin wancan zamani na ƙarfe ne, gamin jan ƙarfe da kuza. Da irinsa William Herschel ya gano duniyar Uranus a 1781, ya kuma gina mai faɗin mita 1.2 a 1789. A 1845 Lord Rosse ya kammala mai faɗin mita 1.8 a ƙasar Ayilan. Matsalar madubin ƙarfe ita ce yana dusashewa, kuma duk lokacin da aka goge shi don ya yi haske, an taɓa siffarsa ke nan. Haka kuma babu wata tabbatacciyar hanyar auna shi. Mai gogewa yakan ɗora madubin, ya jira dare, ya dubi tauraro, sa'an nan ya sauke ya ci gaba da aiki bisa ƙiyasi da gwaninta.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali a tsakiyar ƙarni na 19. Na farko, a tsakanin 1856 da 1857 Carl von Steinheil a Jamus da Léon Foucault a Faransa sun yi madubai na gilashi da aka shafa wa azurfa, ta yadda idan azurfar ta dusashe sai a wanke a sake shafawa ba tare da an taɓa siffar gilashin ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga bayaninmu, a 1858 Foucault ya fito da gwajin bakin wuƙa. Akan haska madubin da ɗan ɗigon haske, a gitta kaifin wuƙa a matattara, sai tudu da kwarin da ke fuskar madubin su bayyana kamar inuwa. Daga nan mai gogewa ya sami ikon ganin kuskurensa a cikin ɗakin aiki.

Na'ura mai gilashin tabarau ta kai iyakarta a 1897 da ta Yerkes a Amurka, mai faɗin inci 40, saboda gilashin tabarau a gefensa kawai ake iya riƙe shi, in ya yi girma sai nauyinsa ya lanƙwasa shi. Madubi kuwa ana iya tallafe shi ta baya gaba ɗaya. George Ellery Hale ya jagoranci gina mai inci 60 a 1908 da mai inci 100 a 1917 a kan dutsen Wilson da ke Kalifoniya. Da mai inci 100 ne Edwin Hubble ya nuna cewa akwai wasu dandazon taurari, wato galaksi, a wajen namu, a 1929 kuma ya nuna cewa suna nisantar juna. Sai kuma madubin dutsen Palomar mai inci 200, wato mita 5.1. Kamfanin Corning ya zuba gilashinsa a 1934, zubin farko ya lalace aka sake, aka shafe wajen wata goma ana sanyaya shi sannu a hankali. Gogewa ta ɗauki daga 1936 zuwa 1947, yaƙin duniya na biyu ya katse ta a tsakani. Ko bayan an kai shi kan dutse, sai da aka gwada shi da taurari aka ƙara goge gefensa a 1949.

A nan ya kamata a lura da wata gata da madubin ƙasa yake da ita: in an ga aibi, ana iya sauke shi a gyara. Tarayyar Sobiyet ta yi haka da madubinta mai mita 6 a tsaunukan Kaukasus, wanda ta musanya da wani a 1978.

4.0 Dalilin Fita Sararin Samaniya

Komai kyan madubi, in yana doron ƙasa ta cikin iska yake kallo. Iskar da ta lulluɓe duniya tana motsi kullum, mai ɗumi na tashi mai sanyi na sauka, kamar yadda ake ganin abubuwa na rawa a saman kwalta da tsakar rana. Wannan motsi ne ke sa taurari ƙyalƙyali, shi ne kuma ke dagula hoto, har ya zama babban madubi bai fi ƙarami rarrabewa da yawa ba. Bugu da ƙari, iska tana tare mafi yawan haske mai gajeren zango da wani sashe na mai dogon zango.

A 1946 wani masanin taurari Ba'amurke, Lyman Spitzer, ya rubuta rahoto yana bayyana amfanin ɗora na'urar hangen nesa a bayan iskar duniya, shekara goma sha ɗaya kafin a harba tauraron ɗan Adam na farko. An fara da ƙanana. A 1968 aka harba OAO-2, a 1972 aka harba Copernicus mai madubin santimita 80. Nancy Grace Roman, shugabar sashen nazarin taurari ta farko a NASA, ta yi ɗawainiyar haɗa kan masana da shawo kan 'yan majalisa game da babbar na'ura. Da farko an tsara madubi mai mita 3, ƙarancin kuɗi ya sa aka rage shi zuwa mita 2.4. Majalisar Amurka ta amince da kuɗin a 1977, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta shigo cikin aikin, a 1983 kuma aka raɗa wa na'urar sunan Edwin Hubble.

Sararin samaniya ya zo da nasa sharuɗɗa. Dole madubi ya yi sauƙin nauyi don roka ta iya ɗauka, ya jure girgizar harbawa, kuma ya riƙe siffarsa a inda babu nauyi, alhali a ƙarƙashin nauyinsa aka goge shi. Sa'an nan tun da babu iskar da za ta ɓoye aibi, duk wani kuskure zai fito fili.

5.0 Madubin Hubble da Kuskuren Ma'auni

Kamfanin Perkin-Elmer da ke jihar Connecticut aka ba aikin madubin. An yi shi da wani gilashi na Corning wanda zafi da sanyi ba sa sauya girmansa sai ɗan kaɗan, aka yi cikinsa rami-rami tsakanin faifai biyu don rage nauyi, ya tashi a kilo 828. An yi gogewa daga 1979 zuwa 1981. Kamfanin Kodak kuma ya goge wani madubin na ajiya.

Siffar madubin Hubble ba ta da sauƙin aunawa kai tsaye. Saboda haka aka haɗa wani ma'auni na musamman mai ƙananan madubai biyu da ɗan gilashin tabarau guda, wanda ke aika haske ga babban madubin ya dawo ya zana layuka. In layukan sun miƙe, siffa ta yi daidai. In sun karkace, sai a ci gaba da gogewa a wurin da suka nuna. Ke nan ingancin madubi ya rataya kacokan a kan ingancin ma'aunin.

Kwamitin da Lew Allen ya shugabanta, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Nuwamba na 1990, ya gano abin da ya faru. Wajen daidaita ɗan gilashin tabarau na ma'aunin, an yi amfani da sandar ƙarfe mai sanannen tsawo, aka sa mata hula mai ɗan rami, don haske ya shiga ta ramin ya dawo daga kan sandar. An shafa wa hular fenti mai hana haske dawowa, amma fentin ya ɓantare a wani wuri, sai hasken ya dawo daga kan hular maimakon sandar. Sakamakon haka gilashin ya kauce daga mazauninsa da milimita 1.3. Da ma'aikata suka ga bai zauna yadda aka tsara ba, sai suka cusa 'yan faifan ƙarfe irin waɗanda makanikai ke kira washa suka cike tazarar. Daga nan aka yi ta goge madubin da matuƙar ƙwarewa har ya dace da gurɓataccen ma'auni. Gefensa ya baje fiye da kima da kimanin maikuron 2.2.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin tarihi shi ne, akwai wasu ma'aunai biyu a ɗakin aikin, kuma dukansu sun nuna saɓanin matattara. An yi watsi da shaidarsu ne bisa hujjar cewa ba su kai na farko inganci ba. Haka kuma ba a haɗa na'urar gaba ɗaya an gwada ta da haske ba kafin harbawa, saboda an ga gwajin zai yi tsada. Hatsarin kumbon Challenger na watan Janairun 1986 ya jinkirta harbawar, madubin ya yi shekaru a ajiye ba wanda ya sake auna shi. Ranar 24 ga Afrilu, 1990, kumbon Discovery ya tashi da ita. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi: maimakon kashi 70 cikin ɗari na hasken tauraro ya taru a ɗigo ɗaya, kimanin kashi 15 ne kawai ya taru, saura ya bazu kamar hazo. Madubin Kodak, wanda ba shi da wannan aibi, yana gidan tarihin jiragen sama da ke Washington.

Abubuwa biyu suka ceci Hubble. Na farko, kuskuren mai tsari ne, an kuma san girmansa daidai, tun da ma'aunin yana nan yadda aka bar shi. Don haka ana iya ƙera ƙananan madubai masu kishiyar kuskuren, kamar yadda likitan ido ke yanka wa mutum tabarau. Na biyu, an tsara na'urar tun farko don 'yan sama-jannati su riƙa kai mata ziyara, da yake tazararta da ƙasa ba ta fi kilomita 600 da 'yan kai ba. A watan Disamba na 1993 mutum bakwai suka tashi a kumbon Endeavour, aka fita waje sau biyar, aka sa sabuwar kyamara mai gyara a cikinta, da wata na'ura mai suna COSTAR wadda ke miƙa madubai masu girman kwabo a gaban sauran kayan aikin. A watan Janairun 1994 aka nuna hotuna garau. A Disamban 1995 Hubble ta ƙura ido ga wani ɗan fili na sama har kwana goma, ta fito da galaksi kusan 3,000. An kai mata ziyarar gyara sau biyar, ta ƙarshe a 2009.

6.0 Madubi Mai Karɓar Gyara

A daidai wannan lokaci masu aiki a doron ƙasa suna bin wata hanya dabam. Tsohon tunani shi ne a yi madubi mai kauri da tauri don ya riƙe siffarsa da kansa. Raymond Wilson na Cibiyar Nazarin Taurari ta Turai da ke aiki a kudancin duniya ya kawo shawarar a yi shi siriri, a ɗora shi a kan 'yan injina masu turawa da ja, kwamfuta na auna hoton tauraro tana ba su umarni. An gwada wannan a na'urar NTT mai mita 3.58 a ƙasar Cile a 1989. Abin mamaki, shi ma madubin NTT an goge shi da saɓanin matattara saboda kuskuren ma'auni, amma injinan da ke bayansa suka lanƙwasa shi ya dawo daidai.

Hanya ta biyu ita ce ta Jerry Nelson na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya ce a daina neman faifai guda, a haɗa ƙananan madubai masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Na'urar Keck ta farko da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai, wadda ta fara aiki a 1993, tana da faɗin mita 10 daga ɓangarori 36. Na'urorin awo 168 suna lura da gefunan ɓangarorin, injina 108 kuma suna daidaita su sau biyu a kowace daƙiƙa. A nahiyarmu ma, babbar na'urar SALT da aka buɗe a Sutherland ta Afirka ta Kudu a 2005 tana da ɓangarori 91. Da wannan fasaha awo ya tashi daga aikin da ake yi sau ɗaya a ɗakin gogewa, ya koma aikin da ake yi muddin na'ura tana raye.

A sararin samaniya kuwa an ci gaba da gwada sababbin kayan ƙira. Na'urar Spitzer ta 2003 tana da madubin santimita 85 na ƙarfen beriliyam, na'urar Herschel ta Turai ta 2009 kuma tana da mai mita 3.5 na wani irin tangaran mai tauri. Da Herschel aka kusa ƙure abin da kan roka zai iya ɗauka a faifai guda.

7.0 Na'urar James Webb

Hasken galaksi na farko-farko ya yi tafiyar fiye da shekara biliyan goma sha uku, kuma faɗaɗar sararin samaniya ta ja zangonsa har ya koma mai dogon zango. Ganin sa yana buƙatar madubi babba kuma mai tsananin sanyi, domin madubi mai ɗumi shi kansa yana fitar da irin wannan haske. A 1996 wani kwamitin masana ya ba da shawarar madubi mai mita 4, shugaban NASA na lokacin, Daniel Goldin, ya nemi a kai mita 8, daga baya aka tsaya a mita 6.5. Faɗin kan rokar Ariane 5 bai wuce mita 5.4 ba, don haka dole madubin ya naɗu.

An yi shi da ɓangarori 18 masu kusurwa shida, kowane mai faɗin mita 1.32, daga beriliyam da aka haƙo a jihar Utah. An zaɓi wannan ƙarfe ne saboda rashin nauyi da kuma riƙe siffa a cikin sanyi. Duk madubin kilo 705 ne, bai kai na Hubble nauyi ba, alhali filin da yake tara haske ya ninka nasa kusan sau shida. An shafa masa zinariya mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na maikuron, wadda gaba ɗayanta kimanin giram 48 ce, saboda zinariya ta ƙware wajen mayar da haske mai dogon zango. Wata laima mai shimfiɗa biyar, mai tsawon kimanin mita 21 da faɗin 14, ita ke kare shi daga rana, har sanyinsa ya wuce digiri 223 ƙasa da sifiri.

Mazaunin na'urar yana da nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga ƙasa, inda babu ɗan sama-jannatin da aka shirya zai je gyara. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka aka ɗauki matakai uku. Na farko, tun da ƙarfe yana motsawa in ya yi sanyi, an riƙa kai kowane ɓangare ɗakin sanyi a Huntsville ana auna yadda ya lanƙwashe, a dawo da shi a goge masa kishiyar wannan lanƙwasa, ta yadda sai ya yi sanyi ne zai zama daidai. Na biyu, an auna madubin da ma'aunai dabam-dabam waɗanda ba su dogara da juna ba, a 2017 kuma aka sa na'urar da kayan aikinta cikin wani ƙaton ɗakin sanyi a Houston na kimanin kwana ɗari, aka bi haske tun daga shigarsa har zuwa kyamara. Na uku, kowane ɓangare yana da injina bakwai a bayansa, shida na daidaita zamansa, ɗaya na sauya zurfinsa. In an haɗa da shida na ƙaramin madubin gaba, injina 132 ke nan.

Wannan taka-tsantsan ya ci kuɗi da lokaci. A 2011 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke aikin, kuɗinsa kuma ya kai kimanin dala biliyan 10. An harba na'urar daga Kourou a yankin Giyana na Faransa ranar 25 ga Disamba, 2021, tana da wurare 344 waɗanda in ɗaya ya cije aiki zai iya lalacewa. Ranar 8 ga Janairun 2022 madubin ya gama buɗewa. Hoton farko na gwaji ya nuna tauraro ɗaya a ɗigo 18, kowane ɓangare da nasa. Aka yi makonni ana matsar da su har suka haɗu a ɗigo guda, a watan Maris aka tabbatar da cewa ganin na'urar ya kai abin da aka tsara har ya ɗara. A watan Mayu wata ƙwayar dutse ta bugi ɗaya daga cikin ɓangarorin ta bar masa tabo, aka motsa injinan bayansa aka rage illar. An fitar da hotunan farko ga jama'a a ranakun 11 da 12 ga Yulin 2022, a 2024 kuma aka tabbatar da ganin wani galaksi kamar yadda yake ƙasa da shekara miliyan 300 bayan farkon faɗaɗar sararin samaniya.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin madubi ta matakai huɗu. A zamanin Herschel da Rosse ana gogewa ne bisa ƙiyasi. Gwajin Foucault ya kawo awo cikin ɗakin aiki, ya buɗe hanyar da ta kai ga Palomar. Hubble ta nuna haɗarin miƙa wuya ga ma'auni ɗaya da ƙin sauraren waɗanda suka saɓa masa. NTT da Keck da Webb kuma sun mayar da awo da gyara wani ɓangare na na'urar kanta.

Aikin da ke gaba ya fi na baya tsanani. Madubin da aka gyara wa na'urar Nancy Grace Roman faɗinsa ɗaya da na Hubble, amma nauyinsa kilo 186 ne kawai. A 2021 kwamitin masana taurari na Amurka ya ba da shawarar gina na'ura mai madubin kimanin mita 6, don ɗaukar hoton duniyoyi irin tamu da ke kewaya wasu taurari. Irin wannan duniya takan gaza tauraronta haske sau biliyan goma, saboda haka dole madubin ya tsaya cik, motsinsa kada ya kai faɗin ƙwayar zarra guda a lokacin ɗaukar hoto. Kafin a goge irin wannan madubi, sai an fara ƙera ma'aunin da zai iya ganin motsi mai wannan ƙanƙanta, sa'an nan a ƙera wani na biyu da zai binciki na farkon.